Ƙullun da Ya Kwana: Labarin Yara Daga Bakin Murhu

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma zan taɓo wata gona ce da muka bari ta zama saura, wato labarin yara mai al'ajabi. Ina nufin irin littafin da yaro ɗan shekara takwas zuwa goma sha biyu zai ɗauka don ra'ayin kansa, ba don jarrabawa ba, ya duƙufa a kai har a yi masa kiran tuwo sau uku bai ji ba. In muka duba abin da muke rubutawa, tun daga littattafan da suka cika kasuwar Kano daga shekarun 1980 har zuwa waɗanda ake turawa ta waya a yau, mafi yawansu soyayya ne da kishi da rikicin aure. Ba na kushe wannan, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tambayata ita ce, ƙannenmu da 'ya'yanmu fa, me muka ajiye musu? Yaron da ba mu rubuta masa ba ba zai zauna jiranmu ba. Zai koma ga katun da finafinan da aka fassara, ya girma yana ganin duk wani abin mamaki a ƙasar wasu yake faruwa, a gidan wasu, da abincin wasu.

A ƙasashen Turawa akwai wani reshe na littattafan yara da aka gina shi kacokan a kan gashin burodi da kek, da abin al'ajabi, da zumuncin gida. Misali, a 2012 wata marubuciya 'yar Amurka, Kathryn Littlewood, ta fitar da littafi mai suna Bliss: yarinya da 'yan uwanta aka bar wa tsaron gidan burodin iyayensu, tare da wani tsohon kundin girki na gado mai ban mamaki, sai ga wata baƙuwa ta sauka tana cewa ita gwaggonsu ce. Tun kafin nan, cikin tarin tatsuniyoyin da 'yan uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, suka fara fitarwa a 1812, akwai ta wata yarinya matalauciya da tsohuwa ta ba tukunya mai dafa faten gero da kanta. Akwai kalmar da ake faɗa mata ta fara, akwai wadda ake faɗa ta tsaya. Ranar da yarinyar ba ta nan, uwarta ta tayar da tukunya amma ba ta san kalmar tsayarwa ba, fate ya cika gida ya malala titi. Ku lura, gero ne fa, abin da muke nomawa daga Sandamu har Baure. Abin da ya sa irin waɗannan labarai suke kama zuciyar yara shi ne, madafi wuri ne da kowane yaro ya sani, kuma can ne ya fara ganin abu ya rikiɗe ya zama wani abu daban a gaban idonsa.

Wani zai ce ai mu ba mu da al'adar gashin kek. Gaskiya ne kek da donot baƙi ne. Amma muna da gurasa, wadda aka fi sanin Kano da ita, da ake mannawa a jikin tanderu mai zafi. Muna da waina a tanda, da funkaso, da alkaki, da nakiya, da dubulan. A Daura na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa da muke kira Iya, kuma sana'arta ke nan, yin kayan gara. In biki ya matso a unguwa, gidanmu ake kawo alkama da shinkafa da sukari da mai. Abin da na gani a tsakar gidan nan ya ishi marubuci littafi goma.

Ku ɗauki alkaki. Ba a yin sa rana ɗaya. Za a ɓarza alkama, kada ta yi laushi kamar fulawa, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan nono, a rufe a kai ɗaki ta kwana. Da safe in an buɗe, ƙamshin tsami ne zai fara yi maka sallama. Sai a kashe tsamin da ruwan kanwa, a murza, a naɗe shi kamar igiya, a soya a wuta marar gaggawa don cikinsa ya soyu, sannan a tsoma shi cikin zuma ko dafaffen sukarin da aka sa wa tsamiya ko lemun tsami. Nakiya kuwa aikin turmi ce: a wanke shinkafa, a shanya, a soya ta sama-sama, a daka da citta da kanumfari da masoro, a haɗa da zuma ko sukari da man shanu, a yi ta kirɓawa har ta kama jikinta. Tana daɗewa ba ta lalace ba, shi ya sa ake kai wa amarya da mai jego.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ina ƙarama shi ne ƙullun waina. Da daddare zan ga an zuba shi rabin ƙwarya, an rufe da faifai. Da asuba sai in tarar ya cika fal, yana huci, ƙananan idanu na fashewa a samansa, har ya ɗaga faifan. Ba wanda ya taɓa shi. Na tambayi Iya wa ya ƙara. Ta ce, "Ke kishiya, ƙullu ai rai gare shi. In aka kwana lafiya a gida, shi ma sai ya kwana lafiya ya tashi." A makaranta daga baya aka koya mana cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin zaƙin da ke cikin ƙullun, suna fitar da iska, iskar ce take kumbura shi, kuma ɗumi yana taimaka musu, sanyi yana sa su nawa. Bayanin malamin kimiyya bai kore na Iya ba a wurina, domin dukansu sun yarda da abu guda: akwai mai rai a cikin ƙwaryar nan, yana aiki lokacin da kowa ke barci. Marubucin yara ba ya buƙatar abin da ya fi wannan don ya fara.

Mu 'yan Daura muna da wata gadon da sauran marubuta za su yi mana kwaɗayinta. Kowa ya san labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, wadda har yau tana nan cikin gari, baƙi na zuwa suna shan ruwanta. Yawanci in za a ba da labarin, a kan takobi ake tsayawa, da sare kan macijiya, da auren Sarauniya Daurama, da haihuwar Bawo da asalin Hausa Bakwai. Amma ku sake sauraren yadda ake ba da shi. Baƙo ya iso gari da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya roƙi ruwa, ta ce babu, domin macijiyar da ake kira Sarki ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Babban labarin ƙasar Hausa ke nan, kuma daga randar tsohuwa ya faro, daga kunyar mai masauki da ta rasa abin da za ta ba baƙonta.

Yanzu ku tsaya a tsakar gidan Ayana ku duba da idon yaro. Garin da ake ɗiban ruwa sau ɗaya a mako, yaya ake tuwo a cikinsa ranar Laraba? Wa ake ba ruwan farko, wa ake hanawa? Ruwan da aka wanke gero da shi, zubarwa ake yi ko adanawa? In akwai biki ranar Alhamis, da me za a kwaɓa abin da za a ba baƙi? A ce Ayana tana da jika 'yar shekara tara, wadda aikinta shi ne ƙidaya ludayin ruwan da ya rage a randa, sai wata rana ta ga lissafi bai cika ba, alhali ita kaɗai ta san inda ludayi biyun suka tafi. Kun ga an sami labari, ba a taɓa tarihi ba, ba a ƙara wa Bayajidda ko rage masa komai ba. An dai buɗe wata ƙofa ce ta gefe, wadda tsawonta daidai yaro.

Labarin Kusugu yana kuma koya mana abin da yawancin masu fara rubuta al'ajabi suke tuntuɓe a kai, wato doka. Macijiyar ba ta hana ruwa kullum, kuma ba ta bayarwa kullum. Ranar Juma'a ce kaɗai. Wannan iyakar ita ce ta haifi labarin. Haka tukunyar su Grimm, da ba ta da kalmar tsayarwa da za a iya mantawa, da babu abin da za a ba da labari a kai. Sau da yawa nakan karanta gwajin sababbin marubuta, in ga an ba yaro zobe ko sanda mai yin komai: yana jin yunwa abinci ya sauko, maƙiyi ya taso ya ɓace, jarrabawa ta zo ya ci. Zuwa shafi na biyar mai karatu ya gane ba abin da zai sami wannan yaro, sai ya ajiye littafin. Abin al'ajabi yana buƙatar iyaka da yaro zai iya faɗa a jimla ɗaya, yana buƙatar farashi da za a biya in an yi amfani da shi, kuma a ƙarshe kada ya zama shi ne ya warware matsalar. Yaron ne zai warware, da wayonsa ko haƙurinsa ko ƙarfin halinsa na faɗin gaskiya.

Bari in gwada muku da maganar Iya. A ce a wani gida a Daura akwai tsohon ƙullu na gado. Kullum in an yi waina sai a rage kaɗan a haɗa da na gobe, haka ake yi tun zamanin kakar kaka. Dokarsa ɗaya ce: ba ya tashi in wani ya kwana da gaba a cikin gidan. Saura kwana uku bikin babbar yaya, an gayyaci dangi daga Zango da Mai'aduwa har da na tsallaken iyaka, sai aka wayi gari ƙullu yana kwance shame-shame kamar ruwan koko. Kaka ba ta da lafiya, ba ta iya tashi. Manya kowa ya ce sanyi ne, ko shinkafar ce ba ta da kyau. Ƙaramar jika ce kaɗai ta yarda da dokar, don haka aikinta ne ta gano su wa ke gaba. Tana zargin uwarta da abokiyar zamanta, sai ta tarar su lafiya lau suke. Tana zargin baffanta da babanta a kan gonar gado, ta yi dabarar da ta sa suka ci tuwo akushi ɗaya, amma washegari ƙullu bai motsa ba. Sai a dare na ƙarshe ta gane cewa ita ce. Tun ranar da aka sa bikin take fushi da yayarta, don za ta tafi ta bar ta, kuma ba ta gaya wa kowa ba, har kanta. Farashin tashin ƙullu shi ne ta je ta faɗi abin da ke ranta.

Ku duba abin da wannan ƙaramin tsari ya ɗauko ba tare da wa'azi ba: zaman gidan yawa, 'yan ubanci, rabon gado, kewar 'yar uwa da aure zai ɗauke. Waɗannan su ne abubuwan da yaranmu suke gani kullum, ba wanda yake zama ya yi musu bayani. Iyali a labarin Bahaushe ba uwa da uba da 'ya'ya biyu ba ne. Akwai gwaggo da inna da kawu da baffa, akwai ɗan riƙo, akwai almajirin gida, akwai wasan jika da kaka, akwai kunyar ɗan fari da ke hana uwa kiran sunansa. Kowace dangantaka a nan tana da dokarta, kuma kowace doka ƙofar labari ce. Wanda ya kwaso tsarin gidan Turawa ya liƙa masa sunayen Hausa ya yi asarar dukiyar da ke hannunsa.

Na san abin da ke ran wasunku, domin an sha tayar da shi a zaurukan marubuta: shin rubuta irin wannan ba koya wa yara sihiri ba ne? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. Ba uwar da za ta so littafi ya nuna wa ɗanta cewa biyan buƙata yana wurin boka. Hukunci na malamai ne, ni dai ga ma'aunin da nake aiki da shi. Tatsuniya tun asali ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba. Da "ga ta nan ga ta nanku" ake buɗe ta, a rufe da ƙurunƙus, mai bayarwa ya faɗa da bakinsa cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Yaro ɗan shekara biyar ya san kura ba ta magana, kuma bai taɓa zuwa daji neman Ƙoƙi ba. Don haka nakan bar al'ajabina a wannan da'irar. Ba ya zuwa ta hanyar tsafi ko yanka ko kiran wani abin da ba Allah ba, kuma ba na rubuta wani abu da yaro zai iya kwaikwaya a matsayin hanyar neman biyan buƙata. Ƙullun da ke jin gaba ɗan uwan kurar da ke magana ne. In yaro ya kwaikwayi wani abu daga labarin, to shirya wa da 'yar uwarsa zai kwaikwaya.

Kuma ba mu ne farau ba. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933 daga Zariya, Abubakar Imam, yana matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin neman wani ruwa mai warkarwa. Bayan 'yan shekaru ya kawo Magana Jari Ce mai juzu'i uku, inda aku yake riƙe ɗan sarki da labarai dare bayan dare. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na wasu ƙasashe, amma ya sake musu tufafi har ba ka jin ƙamshin baƙunta. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Hanya a share take. Abin da waɗannan magabata ba su shiga sosai ba shi ne madafi, domin mafi yawansu maza ne da al'ada ta fitar da su daga cikin gida tun suna ƙanana. A wannan zauren kuwa mata marubuta suna da yawa, kuma mazan ma kowa ya taɓa zaman jiran ƙanzo a gindin murhu.

Saura maganar harshe, a taƙaice. Yaro da kunne yake karatu. Ku ba shi sauti: mai ya yi caa, taɓarya tana tim-tim, alkaki ya yi ƙus-ƙus a baki, zuma tana naso. Ku kira kowane abu da sunansa, muciya, maburgi, mara, rariya, tanda, domin wasu yaran a littafinku ne za su fara haɗuwa da kalmar. Ku gajarta jimla, ku yawaita zance tsakanin mutane, ku bar kaka ta yi magana kamar kaka. Kada ku rufe da sakin layin "darasin da ke cikin wannan labari", yaro ya fi mu saurin gane inda aka dosa, kuma ba ya son a maimaita masa. Sannan ku kula da ƙ da ɗ da ɓ ko da a waya kuke rubutu, don mai koyon karatu ba zai iya cankar bambancin kafa da ƙafa daga mahallin zance ba kamar yadda babba zai yi. In kun gama, ku tara yara uku ko huɗu ku karanta musu da baki. Inda suka fara wasa da yatsun ƙafa, nan ne za ku yanke.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin abin da gaggawa. Tsofaffin da suka san yadda ake gane alkaki ya yi tsami daidai ta hanyar sansanawa kawai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yau gara odarta ake bayarwa, a kawo ta cikin bokitin roba, yaran gida ba su ga kwaɓi ba balle kwanan ƙullu. Littafin girki zai iya adana awo, amma ba zai adana hirar da ake yi a bakin turmi ba, da zolayar kaka, da camfe-camfen da ake rufe ƙwarya da su, irin ɗora gawayi a kan faifai don tsoron baki. Labari ne kaɗai ke iya ɗaukar waɗannan su kai ga jikokinmu.

Ga aikin da nake roƙon mu yi kafin mako mai zuwa. Kowa ya nemi tsohuwa ɗaya a danginsa ko unguwarsa, ya gaishe ta da ɗan goro, ya ce, "Iya, a koya mini yadda ake yin abu kaza." Kada ka tsaya kan awo kawai. Tambaye ta wa ya koya mata, me ake hana mai yin sa, wane kuskure ne ke ɓata shi, kuma me ake cewa in ya ƙi. A cikin amsoshin nan za ka tsinci dokar al'ajabinka. Daga nan ka rubuta shafi biyu kacal: yaro ɗaya, abinci ɗaya, doka ɗaya, da wani na gida da yaron yake tsoron rasawa. Wanda ya ga tsarin ƙullun gado ya yi masa, na bar masa halak malak, ya sa wa yarinyar sunan da yake so, ya kai ta garinsu. Ni kuma zan ci gaba da jikar Ayana, don har yanzu ban gano wa ta ba ludayi biyun nan ba.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya jiƙan iyayen da suka rene mu da tatsuniya.